Tambayi Mai Jirgi: Zama da Tafiya a Siririn Jirgin Ruwa a Ingila

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato zaman da ni da maiɗakina muke yi a cikin siririn jirgin ruwa a Ingila. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani jama'a, na taƙaita tambayoyin, na kuma cire sunaye kamar yadda aka saba a wannan fili.

Daga wani matashi ma'aikacin asibiti a Landan: Kawu, kuɗin haya ya sha mini kai. Rabin albashina a ɗaki ɗaya yake ƙarewa, ga aikin dare. Kullum ina bi ta bakin ruwa a Hackney ina ganin jirage a jere. Wani abokin aikina ya ce in na sayi ɗaya na huta da haya har abada. Haka ne?

Ɗana, rabin zancen abokin aikinka ya gaya maka. Gaskiya ne kuɗin jirgi bai kama ƙafar kuɗin gida a Landan ba. Sai dai jirgin ne kawai naka. Ruwan da yake kai da gaɓar da za ka ɗaure shi duk suna da mai su. Yawancin hanyoyin ruwan Ingila da Wales, kimanin mil 2,000, suna hannun ƙungiyar Canal & River Trust, wadda ta karɓe su daga hukumar British Waterways a 2012. Ita ke ba da lasisi, kuma ba ta bayarwa sai ka kawo abu biyu: inshorar da za ta biya wanda ka yi wa ɓarna, da takardar shaidar lafiyar jirgi, wadda ake sabuntawa duk shekara 4 bayan mai bincike ya duba gas da wayoyin wuta da tankin mai da abin kashe gobara. Lasisin jirgi mai tsawon ƙafa 57 irin nawa ya haura fam 1,000 a shekara.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Ko ka kama wurin ɗaure jirgi na dindindin, ko ka shaida wa ƙungiyar cewa kai matafiyi ne marar mazauni. Wurin dindindin da aka yarda mutum ya mayar gida yana da wuyar samu a Landan, in ma an samu kuɗinsa kan kai fam 10,000 a shekara ko fiye, ga harajin ƙaramar hukuma a kai. Wato dai hayar ce ka koma biya.

Yawancin jiragen da kake gani a Hackney a kan hanya ta biyu suke. Wata doka ta 1995 ce ta ba su dama, amma da sharaɗi: kada jirgi ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya, kuma tafiyar ta zama ta gaskiya. Matsawa daga wannan gada zuwa waccan ka dawo ba ya cikin lissafi. Akwai ma'aikata da ke bin gaɓa a ƙafa ko a keke suna rubuta lambar kowane jirgi da inda suka gan shi, kuma ana son a ga tazarar yawonka a shekara ta kai mil 20 ko fiye. Wanda ya gaza, a rage masa lasisi zuwa wata 6, in bai gyara ba a hana shi, ƙarshenta a fitar da jirgin daga ruwa. Tun Afrilun 2024 kuma an ɗora wa marasa mazauni ƙarin kuɗi a kan lasisi, yana hawa kowace shekara.

To auna wannan da aikinka. Wannan makon jirginka yana kusa da asibiti, bayan wata biyu yana can Uxbridge ko Hertford. Ka taso aikin dare a watan Janairu, ka iske murhu ya mutu, ruwan tanki ya kusa ƙarewa, kuma yau ce rana ta 14. Dole ka tayar da inji, ka bi layin famfo, sannan ka nemi gurbi a gaɓar da jirage suka riga suka ɗaure bibbiyu gefe da gefe. Na ga matasan da suka yi shekaru a haka cikin jin daɗi. Na kuma ga waɗanda hunturu ɗaya ya ishe su, suka sayar da asara. Abin da na lura ya raba su shi ne, na farkon tafiyar ita kanta suke so, da za a ba su gida kyauta ma ba za su rabu da jirgin ba. Na biyun ɗaki suka zo nema, sai suka tarar da tafiyar da ba su shirya mata ba. Ka san a cikin waɗanne kake kafin ka taɓa ajiyarka.

Daga wani dattijo da ya ziyarci 'yarsa a Birmingham: Malam, na ga jiragen nan a tsakiyar gari, dogaye sirara. Ƙasa mai arziki haka, me ya hana su faɗaɗa su?

Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Hanyar ce ta yanka wa jirgin faɗi, ita kuwa hanyar ta girmi jirgin ƙasa. A 1761 aka buɗe wadda wani basarake, Duke na Bridgewater, ya sa aka haƙa don kai kwal daga mahaƙarsa ta Worsley zuwa Manchester, farashin kwal a garin ya faɗi da kusan rabi. Ganin haka masu masana'antu suka yi ca. Injiniyan wancan aiki, James Brindley, shi ya tsara hanyar Trent da Mersey da aka gama a 1777, wadda Josiah Wedgwood mai tangaran ya tsaya mata tsayin daka, domin kayansa fashewa suke yi a kan munanan titunan wancan zamani. Brindley ya yi lok ɗinsa, wato ɗakunan da jirgi ke shiga ya hau ko ya sauka, a kan faɗin ƙafa 7 da tsawon ƙafa 72. Dalilinsa kuɗi ne da ruwa. Da diga da shebur ake haƙa, har da huda tuddai, kowane inci na faɗi kuɗi ne. Sannan duk jirgin da ya haye tudu sai ya zubar da cikin lok guda ta wannan gefe, guda ta wancan, kowanne kimanin lita 100,000, alhali a kan tudu ruwa ya fi wuyar samu. Sauran kamfanonin tsakiyar ƙasar suka bi ma'auninsa, shi ya sa har gobe ake ƙera jirgin a kan ƙafa 6 da inci 10.

A wancan zamani doki ɗaya kan ja jirgi mai ɗauke da tan 25, yana tafe a 'yar hanyar nan da kuka taka a gefen ruwa. Da jirgin ƙasa ya zo ya karya kuɗin dako, masu jirage da yawa suka saki gidajensu suka kwaso iyali cikin ɗan ɗakin baya, wanda tsawonsa bai wuce ƙafa 10 ba. Halin da yaransu ke ciki ya sa majalisa ta yi doka a kansu a 1877. Gwamnati ta karɓe hanyoyin a 1948, sai ƙanƙarar hunturun 1962 zuwa 1963 ta tsare jirage makonni a wuri ɗaya, yawancin 'yan kasuwar da suka rage suka koma mota. Da yawa daga hanyoyin da muke bi yau laka da shara ne suka cike su a lokacin. 'Yan sa-kai, irin na ƙungiyar Inland Waterways Association da aka kafa a 1946, su suka hana a binne su, suka shiga da shebur suna kwashe lakar ba wanda ya biya su.

Akwai hanyoyi masu faɗi da jirage masu faɗi, sai dai waɗannan ba sa iya ratsa tsakiyar ƙasar daga kudu zuwa arewa. Ni ma ƙafa 57 na zaɓa saboda wasu lok a Yorkshire gajeru ne, mai ƙafa 70 ba ya shiga.

Daga wata uwargida a Manchester: Yaya, maigidana ya kusa ritaya, ya nace sai mun sayar da gida mun koma jirgi. Shi kyan wurare yake hange, ni kuwa tunanina ruwa da banɗaki da sanyi. Ka gaya mini gaskiya.

Ƙanwata, ke kika riƙo zancen ta inda ya dace. Ruwa tanki ne a goshin jirgi, namu yana cin kusan lita 500. Akwai famfuna a gefen hanya da ake buɗewa da makullin ƙungiyar, ki ja tiyo ki zauna jira, wani famfon sai ya yi awa bai cika miki ba. Wanka akwai, har da ruwan zafi, domin inji na dumama shi in yana aiki. Amma mutum kan koyi jiƙa jiki ya kashe, ya sa sabulu, sannan ya sake kunnawa. Ruwan hanyar kuwa kada a yi alwala ko wanke-wanke da shi. Akwai cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera a cikinsa, tana shiga ta rauni ko ido ko baki, ta fara kamar zazzaɓin mura.

Banɗaki iri biyu ne suka fi yawa. Ɗaya akwatin roba ne a ƙarƙashin masai, in ya cika a zaro shi a kai wurin da aka keɓe a juye a wanke. Cikakke ya kusa kilo 20, kuma ga mutum biyu duk kwana biyu zuwa uku sai an yi. Ɗayan babban tanki ne da ake zuƙewa da inji a biya kuɗi. Ku zauna tun yanzu ku yanke wanda zai riƙa ɗaukar akwatin nan cikin ruwa da iska, yana ɗan shekara 65, yana ɗan 75. Na ga ma'auratan da a kan wannan aikin saɓaninsu ya fara.

Sanyi bai kai yadda ake zato ba. Jirgi mai murhu ya fi gidaje da yawa ɗumi, saboda wurin kaɗan ne. Murhun ƙarfe ne mai bututu, yana cin kwal marar hayaƙi da busasshen itace, kuma akwai jiragen 'yan kasuwa da ke yawo da kwal da dizal da tukwanen gas, su tsaya a gefenki su sauke miki. Amma aikinsa kullum ne daga Oktoba zuwa Afrilu. In na tashi da asuba, ƙasa ce ke da sanyi domin tana ƙarƙashin ruwa, kai yana cikin ɗumi, ƙafa tana cikin sanyi. Gilashin taga ya yi gumi yana ɗiga a kan katako, sai an bi shi da tsumma, in ba haka ba fumfuna ta kama har bayan kabad. In buɗe murhu, in kaɗe toka, garwashin da na rufe da dare yana nan ja a ƙasa, in ɗora masa kwal in aza buta.

Abin da nake roƙonki a kai, ki riƙe shi ko da kin manta da sauran, shi ne iskar kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tana fitowa daga murhun da bututunsa ya toshe, ko janareton da aka kunna a bakin ƙofa, ko tokar da aka kwashe aka bari a ciki ba ta gama mutuwa ba. Ta kashe mutane a jirage suna barci. Tun 2019 ya zama dole a sa na'urar da ke kuwwa in ta ji ta. Ku sa biyu, ɗaya kusa da gado. 'Yan kafofin iska da ke jikin ƙofa da rufi kuma, komai sanyi kada a toshe su.

Wutar lantarki batir ne, inji da faifan sola ke cika shi. Da bazara har ta yi yawa, a Disamba kuwa rana ba ta da ƙarfi, sai an kunna inji, kuma ƙa'ida ta hana kunna shi a tsaye daga 8 na dare zuwa 8 na safe.

Shawarata, kada ku sayar da gidan tukuna. Ku ba da shi haya, ku yi hunturu guda cur a jirgi. Darajar jirgi raguwa take yi da shekaru, ta gida akasari hawa, kuma wanda ya rabu da gida a waɗannan shekarun komawa na yi masa wuya ranar da gwiwa ta daina hawa tsani.

Daga wata ɗaliba a Leeds: Baba, ruwa dai gangara yake yi. To ta yaya jirgi ke hawa tudu?

'Yata, da ruwan da ke gangarowar ake hawa. Lok ɗaki ne na bulo ko dutse marar rufi, da ƙofofin katako gaba da baya, ruwan gabansa ya fi na bayansa tudu da ƙafa 6, ko 8, ko 10. In za ki hau, ki shigar da jirgi ta ƙofar ƙasa ki rufe. Ki je wajen ƙofar sama da wani lanƙwasasshen ƙarfe da kowane mai jirgi ke soke wa a ɗamara, ki sa shi a bakin wata giya mai haƙora ki murɗa. Wani murfi da ke ƙarƙashin ruwa zai ɗaga, ruwan sama ya kwararo cikin ɗakin, jirgi ya riƙa tasowa a hankali. Ƙofar ba za ta motsa ba, ko ƙarti goma ne suka tura, sai ruwan ciki da na waje sun yi daidai. Da sun daidaita, ki jingina bayanki da dogon gungumen da ke jikinta, ki kafa dunduniya a bulon da aka jera don haka, sai ki ji ƙofa mai nauyin tan ɗaya ko biyu tana bin ki. Babu inji, babu lantarki, minti 15 an gama.

Sauka ta fi haɗari. A ƙarƙashin ƙofar sama akwai dakali da ruwa ke rufewa, an ja farin layi a bakin lok don nuna iyakarsa. In jirgi ya ja baya yayin da ruwa ke raguwa, bayansa ya hau dakalin, goshi ya ci gaba da sauka, cikin minti ɗaya ko biyu ruwa ya shiga ta gaba ya nutse. Kusan kowace shekara sai an ji hakan ta faru. Mai tuƙi ya tsare jirgi gaba da farin layin. Mai murɗawa kuma kada ya bar wurin, kada ya duba waya, idonsa na kan jirgi. In aka ga ya karkace ko ya maƙale, a saki duk murfin da aka ɗaga nan take ruwa ya tsaya, sannan a ƙaro daga sama kaɗan-kaɗan har ya taso. Ƙarfen murɗawar ma kada a bar shi a jikin giya. In ɗan harshen da ke riƙe da ita ya kuɓuce, juyawa yake yi da ƙarfi, ya sha karya wa mutane haƙora da yatsu.

Tunda a Leeds kike, hau jirgin ƙasa zuwa Bingley ki ga lok biyar da aka ɗora kan juna tun 1774, ƙofar saman wannan ita ce ƙofar ƙasan wancan, suna ɗaga jirgi ƙafa 59. A kudu akwai Caen Hill kusa da Devizes, lok 29 cikin mil 2, guda 16 a jere reras, wuni guda ake ware musu. Gudun da aka yarda mil 4 ne a awa, ba ma cika kai wa ba. Masu jirgi kan haɗa yawan mil da yawan lok su raba uku ko huɗu, abin da ya fita shi ne awoyin tafiya. Daga Landan zuwa Birmingham mil 137 ne da lok 166, wato ba ta kasa awa 75, tafiyar da jirgin ƙasa ke yi cikin awa ɗaya da rabi.

Daga wani direban bas a Coventry: Malam, na ga jirgi a intanet da araha, cikinsa fes, sabon fenti, har da kicin na zamani. Mai shi ya ce in kawo kuɗi cikin mako, wai wani na jira.

Malam, bar shi ya sayar wa wanin. Abin da ke riƙe jirgi a kan ruwa ƙarfen ƙasa ne, shi kuwa ba a ganinsa sai an fito da jirgin tudu. Na zamani akan ƙera ƙasansu da ƙarfe mai kaurin milimita 10, gefe 6, rufi 4. Tsofaffin shekarun 1970 da 1980 da yawa da milimita 6 suka fara. Tsatsa tana cin sa rami-rami, musamman daidai layin da ruwa da iska suka haɗu. Ka biya a ɗaga shi, ka ɗauko mai bincike naka na kanka, kada ka yarda da wanda mai sayarwa ya kawo, ya bi shi da guduma da na'urar auna kauri. Kamfanonin inshora da yawa ba sa karɓar ƙarfen da ya gaza milimita 4. In ya ci, sai an yi masa faci da sabon ƙarfe, aikin walda na dubban fam, alhali binciken ɗaruruwa ne.

Ka tambayi rabon da a shafa masa kwalta. Duk shekara 2 zuwa 3 ake fito da jirgi a kankare a shafa, a duba dunƙulen ƙarfen da ake liƙa masa don tsatsa ta ci su maimakon jikinsa. Ka ɗaga katakon ƙasa ta can baya ka leƙa da tocila ko ruwa na kwance. Ka sa a tayar da inji yana sanyi, ka kalli hayaƙin. Sai takardu: jirgi ba shi da takardar mallaka irin ta gida, saboda haka ka nemi rasit na cinikin baya da tsofaffin lasisi da takardun gyara masu sunan mai sayarwa. An sha sayar wa mutane jirgin da ba na mai tallar ba, kuma gaggawar da ya sa maka ita ce alamar farko.

Daga wani injiniya a Nottingham: Kawu, ga mai siririn jirgi, me ya bambanta kogi da haƙaƙƙiyar hanya?

Ɗana, haƙaƙƙiyar hanya ruwanta kwance yake, zurfinsa a wurare da yawa bai wuce ƙirji ba, in inji ya mutu sai ka tura da doguwar sanda zuwa gaɓa. Kogi tafiya yake yi, in inji ya mutu tafiya zai yi da kai, sau da yawa zuwa shingen da ruwa ke zubowa ta kansa a gefen lok. Shi ya sa ba na shiga kogi sai anka, wato ƙugiyar ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa don tsayar da jirgi, tana ɗaure a shirye da sarƙa da igiya, kowa na sanye da rigar ceto, na kuma buɗe akwatin da ke kan farfela, fankar da ke tura jirgi a cikin ruwa, na tabbatar babu leda ko igiya a naɗe. In na gama in ɗaure murfinsa tam, domin ta nan ma jirage sun nutse. In za ka tsaya, juya ka fuskanci inda ruwa ke fitowa, ka fara ɗaure goshi, ka kuma bar wa igiya sassauci, kogi na iya tashi ko sauka cikin dare.

Kogin Soar, maƙwabcinku, yana cika da sauri bayan ruwan sama. Akwai alluna masu kore da ruwan ɗorawa da ja a bakin lok, in ruwa ya kai ja a tsaya. Kogin Trent kuwa daga lok ɗin Cromwell, ƙasa da Newark, teku na shigowa yana janyewa, ga tudun yashi a ɓoye, sai ka bi shawarar mai gadin lok kan lokacin tashi. Kogin Thames daga Teddington zuwa sama hukumar muhalli ce ke riƙe da shi, lasisinta daban, sai dai in ka sayi na haɗaka, wanda ya haɗa nata da na ƙungiyar. Duk da haka ina son kogi. Jirgin da ya saba jan ciki a laka, in ya samu zurfi sai ka ji inji ya saki, sandar tuƙi ta yi sauƙi a hannu.

Daga wani malamin makaranta a Leicester: Malam, salla fa? Alƙibla da Juma'a?

Malam, alƙibla a Ingila kudu maso gabas take, ta ɗan fi karkata gabas. Tunda jirgi na canja fuska kowane zango, da na ɗaure igiya nake duba ta. Jikin jirgi ƙarfe ne, yana rikita kamfas, har na waya, don haka a gaɓa nake dubawa, nesa da shi kaɗan, in yi alama da bishiya ko gada. Faɗin ciki kimanin ƙafa 6 ne, in alƙibla ta faɗo a kaikaice sai an matsar da kujera. Juma'a ba ta ba ni wuya. Don masana'antu aka haƙa hanyoyin nan, kuma garuruwan masana'antun su ne yau cike da masallatai: Birmingham, Blackburn, Burnley, da Leicester ɗinku. A Landan ma ruwan ya bi ta kusa da babban masallacin Regent's Park. Nakan tsara zango ta yadda Alhamis za ta same ni kusa da gari ko tashar bas.

Daga wata mai 'ya'ya biyu a Luton: Yaya, ba adireshi, ina batun likita da makaranta?

Ƙanwata, ƙa'idar hukumar lafiya a Ingila ba ta ce sai da shaidar adireshi za a yi rajista da likita ba, ko da wasu ma'aikatan ba su san haka ba. Wasiƙa a yi amfani da gidan ɗan'uwa. Makaranta ce matsalar. Ita tana wuri ɗaya, ke kuma duk kwana 14 sai kin matsa. Mai yara 'yan makaranta ya fara samun wurin ɗaurewa na dindindin, sannan ya nemi jirgi.

Daga wasu ango da amarya a Sheffield: Baba, muna son mu gwada na mako guda. Ta ina za mu fara?

Allah ya sanya alheri. Ku ɗauki na haya; ba a neman lasisin tuƙi, kamfanin zai nuna muku kafin ku tashi. Sandar tuƙi a baya take, in ka tura ta hagu goshi ya yi dama, kuma jirgin daga tsakiya yake juyawa, bayansa na sharewa gefe. Ba shi da birki, da giyar baya ake tsayar da shi, saboda haka a fara rage gudu tun da nisa. In kun haɗu da wani jirgi kowa ya riƙe damansa. In za ku wuce jiragen da ke ɗaure ku sassauta ƙwarai, igiyar ruwanku na jijjiga su, wataƙila akwai tukunya a kan wuta a ciki.

Ku je hanyar Llangollen, a iyakar Ingila da Wales. Ta can sama lok kaɗan ne, kuma a nan gadar Pontcysyllte take, wadda Thomas Telford da William Jessop suka gama a 1805, UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2009. Kwamin ƙarfe ne cike da ruwa, tsawonsa ƙafa 1,007, yana ratsa kogin Dee daga tsayin ƙafa 126. Gefe ɗaya akwai hanyar ƙafa da shinge, ɗaya gefen kuwa bakin ƙarfen bai ɗara ruwa da 'yan inci ba, mai tuƙi yana kallon ƙasa kai tsaye. A tsaya a cikin jirgi, kada kowa ya taka gefensa.

In hutu kawai kuke so, ku je a Mayu ko Satumba, cunkoso ya fi sauƙi. In da niyyar zama kuke gwajin, ku zaɓi Nuwamba ko Fabrairu. Sai dai ku fara duba jadawalin gyaran da ƙungiyar ke fitarwa, domin daga Nuwamba zuwa Maris ake rufe wasu lok don canja ƙofofi, kada ku biya kuɗin mako ku iske hanyar a datse.